Aska takwas a kan dandamali

Ni tela ne, don haka da riga labarina zai fara. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi garinmu ba. Ya isa in ce a Arewa aka binne cibiyata, a cikin birni mai ganuwa, kuma tun 2010 nake zaune a Johannesburg. Ina da ɗan shago mai keke biyu kusa da Mayfair, unguwar da Somalawa suka cika, inda nake sayen nama da ganyen shayi, nake kuma zuwa sallar Juma'a. Yawancin aikina rage ƙafar wando ne da canza zif, sai ɗinkin biki na 'yan Najeriya da 'yan Kongo. Amma ainihin abin da na koya aikin hannu ne, wato aikin wuyan babbar riga da allura, a wajen wani tsoho da ya yi shekara bakwai yana gyara mini riƙon zare.

Addu'ar da na fi ji a bakin Inna tun ina ƙarami ita ce, "Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira." Duk Bahaushe ya san nauyin wannan magana. Wanda yake ci yake sha bai roƙi kowa ba, a ce yana da rufin asiri. Wanda ya biya maka bashi a ɓoye, ya rufa maka asiri. Mafi munin abin da maƙiyi zai yi maka kuwa shi ne ya tona naka a bainar jama'a. An kuma koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To ni tun ina ɗan shekara goma sha huɗu na san cikina ya ɗauki abin da bai kamata ya ga rana ba: zuciyata ba ta karkata inda ta abokaina take karkata ba. Su suna zancen 'yan mata a dandali, ni ina gyaɗa kai. Na yi azumin Litinin da Alhamis, na tashi tsakar dare na roƙi Allah Ya cire mini, na sha rubutu ban gaya wa malamin ainihin damuwata ba. Shekaru suka shuɗe, abin yana nan yadda yake.

A tashar garinmu akwai 'yan daudu masu soya kaji da dafa shinkafa. Kowa ya san su, kowa yana cin girkinsu, kowa kuma yana zaginsu. Suna ɗaura zani a kan riga, suna tafa hannu, suna kiran juna "ƙawata", habaicinsu ya fi na kishiyoyi kaifi. Ni tafiyata da maganata ba irin tasu ba ce, kuma na riƙe wannan bambanci kamar garkuwa. In an aike ni tasha sai in zagaya ta bayan rumfunansu, don kada wani ya haɗa ido da ni ya gane. Wata rana yara suka jefi ɗayansu da dutse ina tsaye. Ban ce uffan ba, har na taya su dariya. Wannan dariyar tana damuna har yau fiye da laifuffuka da yawa da na yi a rayuwata.

A watan Afrilun 2012 wani mai kawo mini ɗinki, Bazulu ma'aikacin jinya, ya zo karɓar kwat ɗinsa. Mun saba, kuma ya riga ya gane ni ba tare da na furta masa komai ba. Ya ce yana da tikiti biyu na wata gasa, in zo mu je. Gasar Mr Gay World ce, inda maza masu son maza daga ƙasashe daban-daban suke karawa a zaɓi gwarzo. An fara ta a 2009 a garin Whistler na Kanada, wani ɗan ƙasar Ayalan mai suna Max Krzyzanowski ya ci. Daga nan 'yan Afirka ta Kudu suka ɗauka sau biyu a jere, Charl van den Berg a Oslo a 2010, Francois Nel a Manila a 2011, dukansu farar fata. Ta 2012 ita ce ta farko da aka yi a nahiyar Afirka, ita ce kuma ta farko da baƙaƙen fata 'yan Afirka suka shiga. Na ce masa ba za ni ba. Ya ajiye tikitin a kan teburin yanka ya tafi. Ranar na sa hular sanyi na ja ta har gira, na je na zauna a layin baya.

Na zata rawa da nuna jiki kawai zan gani. Akwai wannan ɓangaren, ba zan ɓoye ba, kuma na sunkuyar da kai lokacin da suka fito da kayan ninkaya, don tarbiyyata ba ta saba ba. Amma abokina ya bayyana mini cewa kafin daren nan an yi kwanaki ana gwada su: jarrabawa a rubuce kan tarihin gwagwarmayar 'yancinsu, zama gaban alƙalai a amsa tambayoyi, wasannin motsa jiki. Abin da ake nema mutum ne da zai iya tsayawa gaban 'yan jarida ya yi magana a madadin waɗanda ba su da bakin magana.

Baƙaƙen fata 'yan Afirka uku nake jira. Ɗaya bai zo ba: Taurai Zhanje na Zimbabwe ya janye kafin a fara, saboda matsin da aka yi masa da iyalinsa a gida. Na biyu Wendelinus Hamutenya ne, wanda ya fara cin gasar Namibiya a 2011, aka kuma yi masa duka a Windhoek jim kaɗan bayan nan. Na uku Robel Hailu, ɗan Habasha, wanda jaridu suka ba da labarin mahaifinsa ya yanke hulɗa da shi da ya ji zai shiga. Wannan na ukun shi ya tsaya mini a rai. Saurayi ne kamar ni, baƙi kamar ni, daga gida mai addini da kunya kamar namu. Ya fito, aka kira sunansa da sunan ƙasarsa a lasifika, ya tsaya cikin fitila bai sunkuya ba. Jikina ya yi sanyi. A lissafin da aka raine ni da shi, wannan mutum ya tona wa kansa asiri da hannunsa, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Amma abin da idona ya gani mutum ne da babu sauran wanda zai iya yi masa barazana da cewa "zan faɗa". Ni kuwa a lokacin duk lambar da ban sani ba ta kira wayata sai gabana ya faɗi. Andreas Derleth mai wakiltar Niyu Zilan ne ya ci gasar. Fuskarsa ta ɓace mini tuni, ta Robel ba ta ɓace ba.

A hanyar komawa abokina ya tambaye ni yadda ake kiran irinmu da Hausa. Na buɗe baki na rasa. Akwai "ɗan luwaɗi", wadda aka ciro daga sunan Annabi Luɗu, kuma tana ɗauke da hukuncinta a cikinta tun kafin ka gama furtawa. Akwai "ɗan daudu", wadda take nufin ɗabi'a da sana'a, ba lallai abin da ke zuciya ba. Akwai "mai neman maza", kamar mutum ba shi da wani aiki a duniya sai nema. Sai kuma "mai harka", wadda mutanenmu suke amfani da ita a tsakaninsu, kalmar da aka zaɓa don ta ɓoye ma'ana ga bare. Harshen da nake mafarki da shi, nake addu'a da shi, ba shi da suna ɗaya da zan kira kaina a gaban Inna. Na kwana da wannan tunani.

Kusan shekara biyu bayan nan, a watan Janairun 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Shekara 14 a gidan yari ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyar irinmu, ko ya nuna soyayya a fili. Jihohi 12 na Arewa kuwa suna da dokokin Shari'a tun bayan da Zamfara ta fara a 1999. A cikin wannan watan aka kama mutane a Bauchi, jama'a suka taru suna jifan kotun da duwatsu suna neman a kashe su. Ina kallon wannan a waya, ina zaune a ƙasar da tsarin mulkinta na 1996 ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda wanda yake so, ta kuma halatta auren jinsi a 2006. Ban ce nan aljanna ce ba. A 2008 aka kashe Eudy Simelane, 'yar ƙwallon ƙafar ƙasar, a KwaThema, kuma baƙo baƙar fata yana da nasa tsoron na daban a Johannesburg. Amma a nan in an doke ni, wanda ya doke ni ne mai laifi a idon doka.

A daidai lokacin ne Yaya ta matsa mini da zancen aure. Ita ce babbarmu, ita ta goye ni. Ta kira ni wani dare ta ce, "Auta, Inna ta samo maka yarinya, 'yar gidan mutunci. Kai kaɗai ka rage. Me kake jira?" Na saba ba ta amsar kuɗi da takardu. Ranar na kasa. Na tuna yarinyar da ban taɓa gani ba, wadda za a ɗaura mata aure da mutumin da zai mai da ita mayafi, ta ƙare ƙuruciyarta tana tambayar kanta laifin me ta yi. Na ce, "Yaya, ki zauna, zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba." Ban yi amfani da ko ɗaya daga cikin kalmomin nan ba. Na ce mata ba zan iya zama da mace yadda miji yake zama da matarsa ba, ba ciwo ba ne, ba sammu ba ne, na yi addu'a na yi magani, haka na tsinci kaina tun ina yaro.

Ta yi ta salati. Daga nan ta kashe wayar. Wata huɗu ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Na rame har wandunana suka yi mini yawa. Ranar da ta kira, ba ta ce ta yarda ba, kuma har yau ba ta ce ba. Ta ce, "Ban gane ba, kuma ina yi maka addu'a kullum. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zancen yarinyar nan ni zan kashe shi. Inna da Baba kuwa, kada ka kuskura." Na ce to. Da ta faɗi haka na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba: Yaya ta rufa mini asiri, amma bayan ta san abin da take rufawa. Shekara da shekaru asirina ni kaɗai yake dannewa kamar ƙasar kabari. Yanzu ya zama irin wanda Inna take roƙo a addu'a, wanda naka yake lulluɓa maka don yana sonka.

A 2016 wata ƙaramar ƙungiya da ke taimakon baƙi 'yan gudun hijira irinmu ta shirya tata gasar a wani zaure. Ba ta kama ƙafar waccan ba: kujerun roba, labule aro, kambi na kwali mai ƙyalli. Suka zo in ɗinka wa masu shiga kaya, 'yan Uganda da Kongo da Zimbabwe da Malawi. Ina cikin auna su sai ɗaya ya ce, "Kai fa?" Na ce sai dai in ba za a ɗauki hoto ba, don hoto ɗaya a Facebook zai isa ƙofar gidanmu kafin in cire hula. Ashe ba ni kaɗai ke da wannan tsoro ba. Aka yanke shawarar kowa ya ajiye wayarsa a bakin ƙofa.

Akwai zagayen kayan gargajiya, kuma tun da aka ambace shi na san abin da zan sa. Na roƙi Yaya ta aiko mini da farar shadda daga Kantin Kwari ta hannun wani ɗan kasuwa, ban gaya mata dalili ba. Zaren tsamiya ba ya samuwa a nan, sai na nemi mai kama da shi a shagunan Indiyawa na Fordsburg. Na zana aska takwas: biyu dogaye daga wuya, uku da uku a kan aljihu, tambari a ƙirjin dama da kuma baya. Wata uku ina yi bayan na rufe shago, har yatsana ya yi kanta. Wannan riga ce ta manya, ta hakimai da malamai da angwaye, rigar da na daɗe da cire rai zan sa, don a tunanina ta masu mutunci ce, ni kuwa na fitar da kaina daga cikinsu tun ina yaro. Na ɗinka wa mutane da yawa. Ban taɓa auna kafaɗata don ita ba sai wannan karon.

Da aka kira ni na fito, na naɗe hannuwan rigar a kafaɗa yadda Baba yake yi in zai shiga masallaci. Mutanen ba su fi ɗari ba. Mai gabatarwa ya ce kowa ya gaishe da jama'a da harshensa. Na yi sallama, wasu Musulmi daga baya suka amsa, abin da ban zata ba. Sai na faɗi sunana na yanka da sunan mahaifina da sunan garinmu, da Hausa, da ƙarfi. Na ƙara da cewa, "Haka Allah Ya yi ni." Ba wanda ya ji Hausa a zauren in ban da ni, kuma a wajena hakan bai rage komai ba, don kunnen da ya fi bukatar jin maganar nawa ne. Ban ci gasar ba, wani ɗan Uganda ne ya ci, kuma ya cancanta, don shi ya iya bayanin wahalar neman mafaka dalla-dalla har zauren ya yi tsit.

Ina da abin da nake ƙorafi a kai game da manyan gasannin nan, kuma ba zan rufe shi don sun taimake ni ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ruwan ba ɗaya ba ne ga kowa. Ɗan Jamus ko ɗan Sifen ya hau dandamali ya koma gida a tarbe shi da furanni. Ɗan Habasha ya hau ya rasa uba. A Beijing a 2010 'yan sanda suka rufe gasar ƙasar Sin ana dab da farawa. A 2016 'yan gudun hijirar Siriya suka yi tasu a Santambul, wanda ya ci bai samu biza zuwa Malta ba, inda aka yi ta duniya a shekarar. Ga kuɗin jirgi da na kaya, ga fifita mai ƙirar jiki da iya Turanci. Ɗan daudun tashar garinmu, wanda ya fi kowa shan jifa, ba zai taɓa wuce zagayen farko ba. Kuma ina jin zafi in na ji wani da ke zaune lafiya a Turai yana cewa duk wanda bai bayyana kansa ba matsoraci ne. Wanda ke Bauchi ko Gusau ko Damagaram ya yi shiru ya tsira da ransa, wannan hankali ne, kuma ina roƙonsa ya ci gaba da kiyaye kansa. Mutum zai iya daina ƙin kansa ba tare da ya sanar da unguwa ba. Ni ma rabin hanya na tsaya: zaure ɗaya ya ji sunana, 'yar'uwa ɗaya ta sani, iyayena ba su sani ba.

Duk da haka ba zan raina waɗanda suka kai ƙarshen hanyar ba. Bisi Alimi ya faɗi nasa a talabijin na ƙasa a 2004, a shirin Funmi Iyanda, daga baya ya bar Najeriya zuwa Landan don ya tsira. Miss Sahhara, wadda aka haifa namiji a Najeriya take rayuwa a matsayin mace a Birtaniya, ta ɗauki sunan Najeriya zuwa gasar Miss International Queen a Pattaya ta ƙasar Tailan a 2011 ta zo ta biyu, ta kuma ci wata gasar a Filifin a 2014. An zage su zagin da ba ya faɗuwa. Amma saboda su, in wani ya ce babu irin wannan a ƙasarmu, Turawa ne suka kawo, akwai fuska da suna da za a nuna masa. Yaron da ke kwance yanzu a soro yana kuka a kan abin da bai zaɓa ba zai iya ganinsu a waya ya san ba shi kaɗai aka halitta haka ba. Ni sai da na kai shekara ashirin da tara kafin in ga irin wannan da idona.

Abin da nake iya yi kaɗan ne. Duk shekarar da aka shirya ƙaramar gasar nan ni nake ɗinka kayan, ba na karɓar kuɗin aiki. Yara biyu da suka gudo daga ƙasashensu sun koyi keke a shagona, ɗaya ya buɗe nasa. In wani Bahaushe ya turo mini saƙo cikin dare ta hannun ƙungiyar, ba na ce masa ya fito, ba na ce masa ya ɓuya. Ina tambayarsa ko ya ci abinci, ko yana da wurin kwana, ko akwai mutum ɗaya a danginsa da yake ganin zai iya ɗaukar maganar.

Bayan gasar da sati biyu Yaya ta tambaye ni me na yi da shaddar. Na shimfiɗa rigar a kan teburin yanka na ɗauki hotonta, ita kaɗai ba kowa a ciki, na tura mata. Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta turo murya ta ce, "Auta, ashe hannunka bai manta ba. A ina ka sa ta?" Na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, ina jin numfashinta. Sai ta ce, "Rigar Baba ta Salla ta tsufa. Ka yi masa irinta, amma shuɗiya, kuma ka ƙara faɗi, ka san ya yi jiki."

Na yi ta cikin wata huɗu, don idona ya fara gajiya da aikin dare. Ta isa gida saura kwana shida Babbar Salla. Yaya ta ce da ita ya je Idi, kuma da aka sauko mutane suka yi ta taɓa aikin wuyan suna tambayar wane ne ya yi, shi kuma yana ce musu, "Autana ne, na Afirka ta Kudu."